Juna Biyu: Yaushe Rai Yake Farawa, Me Kuma Ya Ba Shi Daraja?

A watan Mayu na 2024 Gwamnan Jihar Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure. Bisa ga dokar, ba za a ɗaura aure ba sai masu niyya sun kawo takardar gwajin ƙanjamau, da ciwon hanta, da nau'in jini na gado, wato AA, AS ko SS. Ikkilisiyoyi da dama a Arewa sun daɗe suna neman irin waɗannan takardu, wasu ma sukan ƙara da gwajin ciki kwana kaɗan kafin biki. Doka ce mai amfani, muna kuma goyon bayanta. Sai dai takardar gwaji takan faɗi abin da aka gani ne kawai, ba ta gaya wa mutum abin da zai yi da sakamakon.

Ga budurwa, an raba katin biki, an ɗinka anko, sai gwaji ya nuna tana da ciki wata biyu. Ga kuma ma'aurata, miji AS mata AS, sun riga sun binne ɗa guda saboda sikila, yanzu an gaya musu cewa a manyan birane ana iya gwada ɗan tayi tun yana wata uku, in SS ne a san abin yi. Daga Rijiyar Zaki zuwa Bachirawa, daga Panisau zuwa cikin garin Ungogo, ba a rasa kemis a kusa, ba a kuma rasa mai ba da shawara a ɓoye. Tambaya ɗaya ce ke gaban waɗannan mutane: abin da ke cikin nan, mene ne, ko kuwa wane ne? 'Yan'uwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan ba a amsa tambayar a majami'a ba, za a amsa ta a bayan kantar kemis.

Inda duniya ta rabu

Ran 24 ga Yuni 2022 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin 1973 da ya mai da zubar da ciki 'yanci a faɗin ƙasar, ta mayar da maganar hannun jihohi. A watan Maris na 2024 Faransa ta bi wata hanya dabam, ta rubuta 'yancin zubar da ciki a cikin tsarin mulkinta. Maƙwabciyarmu Jamhuriyar Benin ta gyara dokarta a watan Oktoba na 2021, ta yarda a zubar da ciki har zuwa mako 12 idan zai jawo wa mace matsi a karatu, aiki ko abin hannu. A nan gida, gwamnatin Legas ta fitar da ƙa'idoji kan zubar da cikin da doka ta amince da shi a ƙarshen Yuni 2022, amma bayan ƙorafin shugabannin addini Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya dakatar da su a watan Yuli.

A Arewa, sashe na 232 na dokar Final Kod ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga wanda ya zubar da ciki, sai dai in an yi ne don ceton ran uwar. Doka mai tsanani ke nan. Duk da haka, binciken cibiyar Guttmacher ya kiyasta cewa an zubar da ciki kimanin miliyan 1.25 a Nijeriya a shekarar 2012 kaɗai. Wannan adadi ba na wasu can ba ne. Akwai 'ya'yan masallaci a ciki, akwai 'ya'yan majami'a. Ashe doka ita kaɗai ba ta tsare ɗan tayi. Abin da mutum ya gaskata a zuciyarsa, da abin da yake tsoro, su ne ke yanke hukunci a daren da babu mai gani.

Abin da harshe da asibiti suka shaida

Bahaushe ba ya cewa mace mai ciki tana ɗauke da wani abu. Cewa yake tana da juna biyu. Addu'ar da ake yi mata ita ce Allah ya raba lafiya, ba a kuwa raba abu ɗaya. Tun kafin a san na'urar hoton ciki, kakanninmu sun ƙirga mutum biyu. Amma a harshen nan ɗaya, idan ana so a sauƙaƙa wa zuciya, sai a ce ai gudan jini ne, ko a kira abin da za a yi wankin ciki.

Ilimin likita ya fi karkata ga magana ta farko. Sa'ad da ƙwayar namiji ta haɗu da ƙwan mace, kowanne yakan kawo kuromosom 23, su zama 46. Daga wannan haɗuwa an sami sabuwar halitta mai tsarin gado nata, wanda ba na uwa ba ne, ba kuma na uba ba. An riga an tsai da ko mace ce ko namiji, an tsai da nau'in jininsa. Cikin mako guda ko fiye kaɗan yakan manne a jikin mahaifa. Wajen kwana 22 bayan haɗuwar zuciya takan fara bugawa, sau da yawa uwar ba ta ma tabbatar da cewa al'adarta ta tsaya ba. Motsin da uwa take ji a wata na huɗu ko na biyar ba shi ne farkon rai ba, lokacin ne kawai yaron ya yi girman da za a ji shi. Daga ranar farko zuwa ranar suna, abinci da wuri da lokaci kaɗai ake ƙara masa.

Iyakar abin da asibiti zai iya faɗa ke nan: mai rai ne, ɗan adam ne, yana girma. Ko yana da hakkin a bar shi ya rayu, wannan ba a ganin sa a na'ura. Nan ne muke komawa ga Maganar Allah.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar

Babu ayar da ta ba mu rana da sa'ar da rai yake shiga. Abin da muke gani shi ne yadda Allah yake hulɗa da wanda ba a haifa ba tukuna. A Zabura 139:13-16 Dawuda ya yi maganar kansa a cikin uwa a matsayin shi ɗin nan da yake addu'a yanzu, wanda Allah ya harhaɗa yana kuma kallo. A Irmiya 1:5 sanin da Allah ya yi wa annabin, da keɓewar da ya yi masa, sun riga haihuwarsa.

Luka 1:39-45 ya fi kowanne kusantar tambayarmu. Alisabatu tana wata shida. Maryamu ta tashi da hanzari bayan saƙon mala'ika, wato cikinta bai wuce 'yan kwanaki ko makonni ba. Duk da haka Yahaya ya motsa don murna a cikin uwarsa, Alisabatu kuma ta riga ta kira Maryamu uwar Ubangijinta. Luka likita ne, kalmar Helenanci da ya yi amfani da ita ga Yahaya a ciki kuwa ita ce ya sake amfani da ita ga Yesu yana kwance a komin dabbobi a sura ta 2. Ɗan Allah bai fara zama mutum a Baitalami ba. Ya fara ne a Nazarat, a cikin wata budurwa da ba a kai ta ɗakin miji ba tukuna. Matakin da wasu suke kira gudan jini, Mai Cetonmu ya bi ta cikinsa.

Ikkilisiyar farko ta fahimci haka. Littafin koyarwar nan da ake kira Didake, na ƙarshen ƙarni na farko ko farkon na biyu, ya hana zubar da ciki, ya kuma hana kashe jariri, a zamanin da Romawa suke yar da jariran da ba sa so.

Tambayoyin da ba za mu kauce musu ba

Mai karatu zai iya cewa, ai manyan malaman ikkilisiya ma ba su yarda rai yana shiga tun ranar farko ba. Gaskiya ne. Tsohuwar fassarar Helenanci ta Fitowa 21:22-25 ta bambanta ɗan tayin da ya yi siffa da wanda bai yi ba, Agustin na Afirka ta Arewa ya yi la'akari da wannan, Toma Akwinas kuma a ƙarni na 13 ya bi lissafin Aristotal na kwana 40 ga namiji. Amma su biyun sun ɗauki zubar da ciki zunubi a kowane mataki, kuma da ilimin zamaninsu suka yi lissafi. Sai a 1827 aka fara ganin ƙwan dabbobi masu shayarwa. Maƙwabtanmu Musulmi su ma suna da maganar busa rai bayan kwana 120, amma fitaccen ra'ayin mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar nan bai yarda a taɓa ciki ba tun daga shigarsa. A kan wannan muna da abin da za mu tsaya tare.

Wani zai ce, ciki da yawa yakan lalace da kansa a makonnin farko, yaya za a ce mutum ne? Mu da muke zaune a Arewa mun san yawan yaran da ba sa kai shekara biyar. Yawan mutuwarsu bai taɓa sa mun ce su ba mutane ba ne. Wani kuma zai ce, har zuwa kwana 14 ɗan tayi yana iya rabuwa ya zama tagwaye, shi ya sa Ingila ta yarda a yi bincike a kansa kafin wannan rana. Iyakar abin da wannan ya nuna shi ne, ba mu san ko mutum nawa ne a wurin ba. Bai nuna babu kowa ba. Maharbin da ya ga motsi a cikin dawa, bai tabbatar ko barewa ce ko yaro ba, ba ya sakin kibiya.

Darasin Yadakunya

Tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi: me ya ba rai daraja? Masanin falsafa Peter Singer ya daɗe yana koyar da cewa abin da ke sa kisa ya zama babban laifi shi ne wanda aka kashe yana da hankali, ya san kansa, yana da burin gobe. Bai ɓoye inda wannan ya kai shi ba: a ganinsa jariri sabon haihuwa ma bai cika wannan ma'auni ba. Kowane ma'auni da aka ɗora a kan iyawa haka yake ƙarewa, domin iyawa tana hawa tana sauka. Tsohuwar da ta rikice ta manta sunan 'ya'yanta, da yaron da sanƙarau ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, duk za su faɗi jarrabawar.

Farawa 1:26-27 ta ɗora darajar mutum a wani wuri: an halicce shi cikin kamannin Allah. Farawa 9:6 kuma ta kafa haramcin zub da jini a kan wannan dalili ɗaya. Daraja kyauta ce daga Mahalicci. Ba mutum ne ya samo ta da ƙoƙarinsa ba, saboda haka ƙanƙanta ko ciwo ba sa ƙwace ta.

Mutanen Ungogo ba sa bukatar tafiya nesa don su ga wannan koyarwa a aikace. A cikin ƙaramar hukumar nan Yadakunya take, inda ma'aikatan mishan na SIM suka karɓi aikin kula da masu cutar kuturta a ƙarshen shekarun 1930, kamar yadda suka yi a Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. A lokacin babu maganin da ke warkar da cutar sosai. Mutanen da ake wanke wa gyambo ba za su koma gona su yi noma kamar dā ba, danginsu da yawa sun guje su. A ma'aunin amfani, asara ce. Aka yi aikin domin kowannensu mutum ne. Sunan wurin ma wa'azi ne ga mai kunne: ya da kunya.

Da wannan ma'auni za mu auna yaron da gwaji ya ce SS ne. Ciwon sikila azaba ce, wanda bai kwana a asibiti da yaro yana kukan ƙashi ba kada ya raina hawayen iyayen. Amma a cikin majami'unmu akwai masu sikila da suke koyarwa, suke waƙa, suke riƙe da gidajensu. Cewa gara ba a haifi irinsu ba magana ce da ba za mu iya faɗa a gabansu ba. Da ma'aunin nan kuma za mu auna wanda ake kira shege, da yaran da aka haifa wa matan da Boko Haram ta sace, waɗanda wasu suke ƙyama wai ɗan maciji maciji ne. Ezekiyel 18:20 ta ce ɗa ba ya ɗaukar laifin ubansa. Feresa, wanda aka haifa ta hanyar abin kunya tsakanin Yahuza da Tamar, yana cikin jerin kakannin Yesu a Matiyu 1. Yefta ɗan karuwa yana cikin jaruman bangaskiya a Ibraniyawa 11.

Uwar ma rai ce

Juna biyu aka ce, kada a manta da ɗayan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa mata kimanin 82,000 suka mutu a Nijeriya a 2020 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya duka. Idan ciki ya zauna a wajen mahaifa, yaron ba zai rayu ba, uwar kuma za ta iya mutuwa cikin sa'o'i in wurin ya fashe. Idan jijjiga ta kama mai ciki, ko jini ya ɓalle, wani lokaci dole a raba su kafin lokaci. Likitan da ya yi haka ceton rai yake yi, doka ta yarda, lamirin mai bi ma bai kamata ya hukunta shi ba. Haka wankin da ake yi wa wadda ta yi ɓari magani ne, ba zunubi ba. Kada miji ko fasto ya tsare mace a gida da sunan addu'a alhali jini yana zuba. A yi addu'ar a kan hanyar asibiti.

Horo da kunya

Yanzu mu koma ga budurwar da aka ɗinka wa anko. A wurare da dama, in ta bar cikin za a sanar da sunanta a gaban jama'a, a cire ta daga ƙungiyar mawaƙa, a mai da ita bencin baya, a hana ta Jibin Ubangiji. Saurayin sau da yawa yakan koma Abuja ko Kaduna shiru, domin zunubinsa ba ya kumbura. In kuwa ta zubar a ɓoye kafin ranar gwaji, za ta sa farar riga, a yi mata guɗa. 'Yan matanmu suna kallo, sun kuma iya lissafi. Wani lokaci uwa ce da kanta take kama hannun 'yar ta kai ta, don kada sunan gida ya ɓaci a zumuntar mata. Duk inda tsari ya zama haka, wadda ta ƙara zunubi a kan zunubi ita ke tsira da mutunci, wadda ta ji tsoron Allah ta tsare rai ita ke shan kunya.

Ba cewa muke a soke horo ba. Fasikanci zunubi ne, Littafi Mai Tsarki bai sassauta ba. Amma ciki ba shi ne zunubin ba, yaron kuma bai yi laifin kome ba. Matiyu 18:15-17 ta fara horo a asirce, Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u, 2 Korintiyawa 2:6-8 kuma ta gargaɗe mu kada baƙin ciki ya haɗiye wanda aka hora. A Yahaya 8 mace kaɗai aka jawo gaban Yesu, mun kuwa san yadda ya yi da masu duwatsun. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abin da ke gabanmu

Na farko, dattawan kowace ikkilisiya su zauna su dubi yadda ake horo. A nemi namijin kamar yadda ake neman macen, a sa wa horon iyaka, a kuma karɓi mai tuba a fili kamar yadda aka hore shi. Yarinyar da ta zo da kanta ta faɗi gaskiya ta tarar da rufin asiri da taimako.

Na biyu, iyaye, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Korar 'ya daga gida tura ta ne hannun mai allura a lungu. Zumuntar mata ta ɗauki nauyin awo da kayan haihuwa, a kuma taimaka mata ta koma makaranta bayan yaye.

Na uku, matasa su yi gwajin jini tun kafin soyayya ta yi nisa, ba sai an kai kayan aure ba. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zama SS. Gidajen da suke renon masu sikila kuwa kada a bar su su kaɗai. A taimaka da kuɗin magani da gidan sauro, matasa masu lafiya su riƙa ba da jini.

Na huɗu, a yi wa wadda ta yi ɓari ta'aziyya. In mun ce rai ne, to rashi ta yi, kada a sallame ta da cewa ai jini ne kawai.

Daga ƙarshe, akwai masu karanta wannan da suka riga suka zubar da ciki, ko suka biya kuɗin, ko suka raka. Wataƙila shekaru sun wuce ba wanda ya sani. Jinin Yesu bai gaza a kan wannan ba, 1 Yahaya 1:9 taku ce. Ku nemi fasto ko uwa cikin bangaskiya mai riƙon asiri, ku sauke kayan nan. Wadda kuma ta sha wani abu kwanan nan, tana zubar jini ko zazzaɓi, ta tafi asibiti yau, ranta yana da daraja a gaban Allah.

Ubangiji wanda ya san mu tun muna cikin iyayenmu mata ya ba ikkilisiyarsa zuciyar da za ta tsare uwa da ɗa gaba ɗaya. Amin.